Kurumtar Kaka Turai

"To wai shi wannan Turancin na biyu, me ya raba shi da na farko?" Abdulmajid ya tambaya, yana juya takardar makarantar gaba da baya kamar mai neman inda aka ɗana masa tarko.

"Abuya, na farkon adabi ne," in ji 'yarsa Raghad. "A karanta littattafai da waƙoƙi, a faɗi abin da marubuci ke nufi. Na biyun kuwa harshen kansa ake buɗe wa ciki. Yadda jariri ke koyon magana, yadda kalma ke tsufa har ta mutu, wa ke katse wa a cikin hira, wa ake bari ya gama."

"Yaani makanikanci."

"Makanikancin magana."

"Kuma ke shi kike so?"

"Ban sani ba tukuna. Malamarmu Abla Ruba ta ce kada kowa ya zaɓa don sunan ya yi masa daɗi. Ta ba mu gwaji. Kullum in ɗauki hirar gidanmu ta minti biyar a waya, da izininku, in zauna in rubuta komai, har tari, har shiru. Ta ce wadda ta gaji a kwana biyu ta koma adabi, ba abin kunya ba ne. Alhamis ta sama za a mayar da takardar, da sa hannunka."

"Da Turanci za mu ci abincin ke nan?" mahaifiyarta Safia ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Da kowane harshe, Ummi. Ta ce kunne take gwadawa."

Abdulmajid ya gyara zama. Shi ne shugaban ma'aikatan wani sito a Khumra, can kudancin Jidda, kuma a duniya ba abin da yake so kamar a saurare shi. "Ɗauka," ya ce. "Su ji yadda ake magana a gidan mutunci."

Saura mutum ɗaya a falon, kuma ba wanda ya tuna a tambaye ta. Raghad ta matsa kusurwar da kakarta ke zama, ta durƙusa.

"Sitti, kin yarda?"

Kaka Turai ta kanne mata ido ɗaya. "Yau kuma kurma ake tambaya?"

Kaka Turai ba kurma ba ce. Tana jin faɗuwar cokali daga ɗaki na uku. Kurumtar ɗinka mata aka yi, shekara biyu da suka wuce, a kan matakalar bene, ranar da suka tare a wannan gida na unguwar Bagdadiyya bayan an rushe tsohuwar unguwarsu, Karantina. Maƙwabciyarsu ta ƙofar gaba, Umm Turki, ta fito da fara'a ta gaida tsohuwar. Tsohuwar ta ja numfashi za ta amsa da Larabcinta mai ɗankwalin Damagaram, ɗankwalin da shekara hamsin a Jidda ba su kwance ba. Safia ta riga ta.

"Miskina, ba ta ji."

Abdulmajid na tsaye da katifa a kafaɗa. Bai ce a'a ba.

Daga nan ƙarya ta yi abin da ta saba, ta haihu. Wadda ba ta ji ba ta amsa sallama. Ba ta waya kusa da taga. Ba ta sauka ƙasa ita kaɗai, kada ta manta ta gaida wani. In an yi baƙi tana zama a kusurwa da carbinta, tsakanin fanka da tulun furen roba. Sannu a hankali har in an rufe ƙofa ma, mutanen gidan suka saba da shirunta, suka fara jin maganarta kamar ƙarar famfo mai ɗiga.

Kowa da hujjarsa. Safia takan ce, "Don ta huta ne, wallahi. Tsohuwa da surutun maƙwabta?" Abdulmajid kuwa, "Saboda yarinyar nan ne. Ni na san sunan da aka kira ni da shi a makaranta. Takaruni, Takaruni, yaani baƙin mutum ɗan Afirka, tun daga bakin ƙofa har aji. 'Yata ba za ta ji shi ba."

Da farko Kaka ta ɗauki abin wasa. Mutane ba sa ɓoye wa kurma komai, don haka in baƙi sun tafi takan jawo Raghad ɗaki ta kwaikwayi kowa, murya da yatsina, har yarinyar ta riƙe ciki. "Kunnen kurma rumbu ne, ƙawata," takan ce. "Zuba kawai ake yi."

Ranar Juma'a aka fara ɗauka, a kan kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa. Abdulmajid ya yi Larabcin mimbari, har da kalmomin Turanci uku da ya tanada tun safe. Safia ta yi muryar da take amsa waya da ita. Minti biyu kacal suka jure, yunwa ta mayar da kowa bakinsa na gado.

Raghad ta shiga ɗaki da wayar bayan sun tashi. Minti biyar ɗin nan sai da suka ci mata awa uku, kuma ba ta ji wucewarsu ba. Ji take kamar wadda ta tsinci wasiƙar da ba tata ba. Ashe Abuya na cewa "yaani" sau ashirin da uku a minti biyar! Ashe Ummi ba ta rufe zance sai da "wallahi"! Ashe ita kanta, duk lokacin da za ta yi ƙarya a kan aikin gida, sai ta tsallaka daga Hausa zuwa Larabci, kamar ɓarawon da ya san katangar da ta fi gajarta!

Sai ta zo kan layin kakarta.

Kaka ta ce, "Shinkafar nan in da an ɗan..." Ummi ta ce, "Halas, Inna, ci kawai."

Kaka ta ce, "Jiya na yi mafarkin Aissa ta..." Abuya ya ce, "Halas, Inna. Raghad, miƙo laban."

Sau tara tsohuwar ta buɗe baki. Sau tara aka rufe shi da kalma ɗaya ta Larabci, halas, wato ya isa. Raghad ta ƙara ƙarar wayar don ta tabbatar da ƙirgenta, sai ta jiyo wani abu can ƙarƙashin ƙarar cokula. Ashe Kaka na ƙarasa maganarta, a hankali, ga farantinta.

"...sa mata yaji, da ta san an haife ta."

"...ta ce in gaishe ku, ku masu ji."

Raghad ta yi dariya har hawaye. Dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Ta kuma lura da wani abu. A duk hirar, kakarta ba ta kama sunan Abuya ba ko sau ɗaya. "Shi wannan." "Mai gidan nan." Ta je ta tambaye ta.

"Ɗan fari ne," in ji Kaka. "Ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Ku 'yan Jidda me kuka sani? Ranar da kika ji na kira shi, ki nemi wurin ɓuya."

Ranar Asabar, ana tsakiyar ɗauka, wayar Kaka ta yi ƙara. Daga Khumra ne. Hajiya Aissa, wadda suka yi shekara arba'in katanga ɗaya a Karantina, wadda ita kaɗai ta rage da Kaka ke hira da ita a ɓoye a bayan labule, ta rasu da hantsi.

"Wayyo Aissa! Wayyo 'yar'uwata, kin tafi kin bar ni da wa?"

Duk yana cikin wayar Raghad. Kukan, da ƙarar kujera, da takun Safia da gudu, da ƙarar taga da aka ja aka rufe.

"Inna, a hankali! Maƙwabta!"

Kaka ta haɗiye sauran. Ana jin haɗiyewar.

"Shi wannan zai kai ni ta'aziyya?" ta tambaya bayan wani lokaci.

"Inna, Khumra da nisa, ga zahmar motoci a hanya, ga gwiwarki," in ji Abdulmajid. "Zan isar miki. In Umm Turki ta gan mu da ke a matakala kina wannan kukan, yaani, me za mu ce? Halas, yi mata addu'a daga nan. Addu'a ba ta da nisa."

Ranar Lahadi sau uku Kaka ta fara magana, kuma ko da Raghad ta ƙure ƙarar wayar, ba ta ji ta ƙarasa wa farantin komai ba. A ranar ne Umm Turki ta ƙwanƙwasa ta dawo da tire, ƙofa ta datse mata yatsa, ta yi 'yar ƙara, aka yi mata sannu ta tafi. Raghad ta mayar da wurin baya sau bakwai. Matar ba "ah" ta ce ba, ba "ya sater" ba. Cewa ta yi, "Wayyo." Abla Ruba ta ce duk wanda ya shiga ɗauka ba da izininsa ba a goge shi. Raghad ta goge. Amma kunne ba shi da maɓallin gogewa.

Ranar Litinin kalma ɗaya Kaka ta faɗa. "Ruwa."

A ranar Raghad ta tsaya bayan aji ta nuna wa Abla Ruba takardunta. Malamar ta daɗe tana dubawa.

"Kada in ruɗe ki," ta ce. "Darasin nan ba rubuta labari ba ne. Akwai nahawu a ciki mai bushewa kamar ƙashi, akwai sunaye da za ki haddace har ki tsane ni. Masu son Turanci don daɗinsa sukan gudu a wata na biyu. Awa nawa kika yi a kan wannan shafin?"

"Uku. Ban gaji ba, Abla. Amma na daina jin daɗin abinci a gidanmu."

"To kunnen yana nan. Sai dai ki sani, wadda ta koyi ji ba ta iya ajiye shi a aji ta tafi gida. Ki yi tunani, ki kuma yi magana da mahaifinki."

Ranar Talata layin Kaka babu kalma ko ɗaya. A ƙa'idar aikin, shiru da lamba ake rubuta shi, daƙiƙa nawa ya yi. Raghad ta rubuta ɗari uku. Ta ɗauki takardun duka ta kai wa mahaifinta.

Ya karɓa da murmushi, ya sa tabarau. Ya yi dariyar "yaani" ɗinsa, ya kira Safia ta ga "wallahi" ɗinta. A shafi na biyu dariyar ta ragu. Raghad ta ja wa kowane "halas" layi da jan alƙalami, shafin ya zama kamar bayan wanda aka yi wa bulala. Da ya kai Asabar sai ya cire tabarau.

"Wannan ba ilimi ba ne," ya ce. "Gulma ce mai satifiket."

"Abuya, ban ƙara ko kalma ɗaya ba."

"Shi ne laifin! Wa ya ce ki ƙirga mutane a gidansu? Darasin nan bai dace da ke ba. Ke mai taushin zuciya ce, komai sai ki mai da shi kuka. Adabi za ki yi. Su waɗancan marubutan sun mutu, ba sa ɗaukar muryar kowa."

"Wa ya doki Inna?" in ji Safia. "Ga sanyin esi a ɗakinta, ga magani a kan lokaci, ga abinci sau uku, wallahi. Akwai tsofaffin da ke kwana a ƙarƙashin gada. Shiru ne ya zama zalunci?"

"Gobe zan sa hannu a adabi," in ji Abdulmajid. "Halas."

Raghad ta tafi ɗakin kakarta. Tsohuwar na zaune a bakin gado, carbi a hannu, amma ba ya motsi. Raghad ta fi jin Hausa a kan faɗinta, kuma tun tana ƙarama babu abin da ke tayar da Kaka kamar kuskurenta. Don haka ta ɗana tarko da gangan.

"Sitti, ka ci abinci?"

Da a da ne, da tuni an ce mata, "Ka? Yaushe na tsiro gemu?" Yau Kaka ta gyaɗa kai kawai.

Yarinyar ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa takardun a cinyar tsohuwar. "Ba kya karanta boko, amma duba. Wannan layin Abuya ne. Wannan Ummi. Wannan ke ce." Ta ɗora yatsan Kaka a kan layin, ta ja shi daga Juma'a zuwa Talata, daga baƙi-baƙi zuwa fari fat. "Abuya ya ce ba zan yi darasin ba, don na ƙirga. Ni ko an hana ni, na riga na ji. Amma ina so, Sitti. Ban taɓa son wani abu haka ba."

Kaka ta daɗe da yatsa a kan farin wurin. Sai carbin ya fara tafiya.

Laraba bayan la'asar Umm Turki ta shigo shan gahwa, yatsanta naɗe da filasta. Kaka na kusurwarta. Abdulmajid ya dawo da wuri, ya ajiye takardar makarantar a kan tebur, ya zaro alƙalami da ƙasaita, don ya fi son sa hannu in akwai mai kallo.

"Bintina Raghad za ta karanta adabin Turanci," ya shaida wa baƙuwar da Larabci.

"Masha Allah," in ji Umm Turki.

Raghad ce ke zuba gahwa. Shaiɗancin da ta gada daga kusurwar can ya fi tsoronta ƙarfi. Ta miƙa finjali, ta sunkuya, ta ce da Hausa, a hankali, kamar ba komai:

"Sannu, Khala. Yaya yatsan?"

"Da sauƙi, 'yar nan, sai dai..."

Umm Turki ta tsaya. Finjalin ya tsaya a iska. Alƙalamin Abdulmajid ya tsaya. Safia ta buɗe baki, karo na farko a rayuwarta ba "wallahi" a ciki.

"Sai dai zugi in an taɓa ruwa," aka ƙarasa mata daga kusurwa. "Ki sa lalle. Kakarki Hajiya Aicha mai fura, ta bayan masallacin Karantina, da lalle take maganin komai. Tun ranar matakala na gane ki. Tafiyarta kika ɗauko, har da jan ƙafar hagu."

Umm Turki ta ajiye finjalin. Idonta ya cika. "Kin san Sitti Aicha?" ta ce da wata Hausa da ta daɗe a akwati, duk ta yamutse. "Shekara talatin... ba wanda ya... Amma an ce ba kya ji!"

"Subhanallah!" Safia ta tafa hannu. "Kunnen ya buɗe! Wallahi addu'a ba ta faɗuwa ƙasa!"

Abdulmajid ya saki wata dariya mai gumi. "Ashe duk gida ne! Yaani shekara biyu muna ta wahala a banza. Alhamdu lillahi, ashe tamu ce."

"Abdulmajid."

Shekararsa arba'in da tara, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ya juya kamar wanda aka kira daga kabari. Raghad ta tuna an ce ta nemi wurin ɓuya, amma ko da sarautar duniya ba za ta bar falon ba.

"In da ba tamu ba ce fa?" in ji Kaka Turai. Ba ta ɗaga murya ba. "In da Balarabiya ce tun daga kakan kakanta, sai in mutu kurma? Da harshen nan na yi naƙudarka. Da shi na yi maka waƙa kana zazzaɓi. Ranar da suka kira ka Takaruni ka dawo kana kuka, da wane harshe na share maka hawaye? Ka ji kunyar talauci, ka yi aiki ka fita, na sa maka albarka. Ka ji kunyar Karantina, an rushe ta, ka huta. Saura ni. Ni ba a rushe ni ba, sai kuka rufe ni da taga. Aissa ta mutu, aka ce in yi kuka a hankali. Kun ba ni esi, na gode. Nama ma ana ba shi sanyi."

"Inna, hal..." Safia ta fara.

"Ƙarasa mana. Yarinyar na ƙirgawa."

Safia ta haɗiye.

Abdulmajid ya dubi takardar, ya dubi uwarsa, ya sunkuyar da kai. "Inna, tsoro ne," ya ce, da Hausa tsantsa, ba yaani ko ɗaya.

"Na sani. Ni na haife ka, da tsoron naka duka." Ta juya ga jikarta. "Ke, ƙawata. Karatun kunnen nan, da bushewarsa da komai, kina so? Faɗi da bakinki, a gidan nan an gaji da yi wa mutane magana."

"Ina so, Sitti. Ka ji, ina so."

"Ka? Yaushe na tsiro gemu?"

Raghad ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Umm Turki ma ta yi, tana share ido da gefen mayafi.

Kaka Turai ta miƙe, ta dafa bango, ta taka har bakin taga ta tura ta da hannunta. Hayaniyar Bagdadiyya ta shigo, hon da zafi da ƙamshin gurasa. Ta juyo ta fuskance su.

"To ku saurara, tunda ku ne masu ji. Kurumtata ta warke daga yau, kuma ba ta dawowa. Gobe da safe Abdulmajid zai kai ni Khumra in yi wa Aissa kuka da ƙarfina. Yarinyar nan kuma karatun harshe za ta yi, a layi na biyu za ka sa hannu. In alƙalamin ya yi maka nauyi, ba komai. Shekara biyu ina zaune a kusurwar can ana zuba mini. Zan fara da abin da Safia ke cewa a kan labulen Umm Turki, in bi da abin da Umm Turki ke cewa a kan kabsar Safia in ta shiga kicin."

"Sa hannu!" matan biyu suka ce a tare, ɗaya da Larabci, ɗaya da Hausa.

Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda. Kaka ta leƙa, ta sa Raghad ta nuna mata layin da yatsa, ta tabbatar na biyun ne.

"Madalla," ta ce. "Ta zaɓa, na yanke, ka sa hannu. Halas."